Yadda za a sauƙaƙa aiki da ƙarfen kariyar tarakta don kada a bar shi a kwance

Tarakta ba ta ba direba lokacin tunani idan za ta kife. Idan gabanta ya ɗaga sama, cikin kashi uku bisa huɗu na sakan ɗaya take kaiwa digiri 75, inda ba ta iya komawa ƙasa, kuma cikin sakan ɗaya da rabi ta riga ta danne kujera. Kifewa ta gefe ta fi yawa, kusan 85 cikin kowace 100, kuma ita ce ake gani a bakin kwalbati, gefen magudanar ruwan rani irin na Kadawa da Bakolori, gaɓar fadama, da hanyar ƙauye da zaizaya ta ci gefenta. Abin da ke hana direba mutuwa a irin wannan hali shi ne ƙarfen kariya, wanda takardun kamfanoni ke kira ROPS: ginshiƙai biyu ko huɗu da aka ɗaure a jikin tarakta, suka haɗe a saman kan direba. Aikinsa biyu ne. Yana tsayar da juyawar tarakta, galibi ta kwanta a gefe kawai ba ta ci gaba da mirginawa ba, sannan yana barin fili a kewayen kujera wanda ƙasa ba za ta shiga ba.

An daɗe da tabbatar da amfaninsa. Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a 1959, kuma cikin shekarun da suka biyo baya mutuwa ta hanyar kifewa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A Amurka kamfanin John Deere ya fito da nasa mai suna Roll-Gard a 1966, dokar kare ma'aikata ta wajabta shi a kan taraktocin da aka ƙera bayan 25 ga Oktoba 1976 idan ɗan ƙwadago ne zai tuƙa, sannan daga 1985 masu ƙera taraktoci suka amince su riƙa sayar da su da shi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, tana ƙiyasta cewa ƙarfen tare da bel ɗin kujera yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin 100 na kifewa.

Matsalar da ta rage ita ce ta ƙarfen kariya mai naɗewa, wato mai gaɓa wanda ake iya kwantar da samansa a sake tayar da shi. An ƙirƙiro shi don tarakta ta iya shiga rumfa ko ƙarƙashin itatuwan lambu, amma masu bincike a Italiya da Amurka sun yi ta samun mutanen da suka mutu a kan taraktoci masu ƙarfen kariya lafiyayye, sai dai yana kwance a baya. Direba ya kwantar da shi sau ɗaya don ya wuce ƙofa, tayar da shi ya zama wahala, shi ke nan ya zauna haka har damina ta wuce. Faɗa da nasiha ba sa maganin wannan. Abin da ke magani shi ne a mayar da tayarwar ta zama aikin da mutum ɗaya zai yi cikin ƙasa da minti ɗaya, ba guduma, ba hawa kan garma.

Fara da tambayar ko kana bukatar mai naɗewa

Ɗauki tef ka auna tsayin tarakta daga ƙasa zuwa saman ƙarfen yana tsaye. Sannan ka zagaya duk inda take bi a shekara: ƙofar gareji, rumfar ajiya, ƙofar gida, rassan mangwaro da cashew, wayar lantarki da ta sauko. Rubuta wuraren da ba za ta wuce ba. Sau da yawa za ka tarar wuri ɗaya ne tak, ƙofar inda take kwana. Idan haka ne, ɗaga kan ƙofar ko ka yi mata sabuwar rumfa mai tsayi, ka bar aƙalla santimita 30 tsakanin saman ƙarfen da rufi saboda tudun bakin ƙofa. Rassan da ke kan hanyar tarakta a datse su. Wannan gyara na yini ɗaya ya fi duk wata dabara da za mu ambata a ƙasa, domin ƙarfen da ba a taɓa kwantarwa ba a manta tayar da shi. Mai noman hatsi a fili, wanda ba shi da lambu, ya zaɓi tsayayye marar gaɓa. Ya fi arha, ba ya yin ƙara, kuma babu fil (ƙarfen da ake zurawa ya kulle gaɓa) da zai ɓata.

Rumfar inuwa daban, ƙarfen kariya daban

Taraktoci da yawa da ke aiki a Arewa, tsofaffin Massey Ferguson da Fiat da Steyr da ma wasu sababbi, suna ɗauke da rumfar kwano a kan siraran bututu huɗu da aka ɗaure a murfin taya. Wannan maganin rana ce kawai. Ranar kifewa takan lanƙwashe ta rufe direba, ta kuma hana shi tsalle. Ana gane na gaskiya da alamu uku: an ɗaure shi a kan aksil ɗin baya (ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya) ko gangar jikin tarakta da manyan notuna, ƙarfensa mai kauri ne, galibi mai kusurwa huɗu, kuma akwai ɗan farantin shaida a jikinsa mai ɗauke da sunan kamfani, samfurin taraktar da aka yi shi dominta, nauyin da aka gwada shi da shi, da lambar ƙa'idar gwaji, kamar ta ƙungiyar ƙasashe ta OECD lamba 4, 6 ko 7, ko ta Amurka SAE J2194.

Ga dalilin da ya sa muke hana a kai wa mai walda ya haɗa shi da ido. A gwajin OECD lamba 4, ƙarfen taraktar da nauyinta ya kai kilo 2,500 sai ya shanye turi daga gefe daidai da ƙarfin buhu tara masu kilo 50 da aka saki a tare daga tsayin mita ɗaya, ya shanye wani turin ta tsawo, sannan a danne shi daga sama da nauyin kusan tan 5, duk ba tare da ya shiga filin direba ba. An tsara shi ya ɗan lanƙwasa don ya sha bugun. Idan ya yi laushi da yawa zai murƙushe, idan ya yi tauri da yawa bugun zai wuce ya fasa aksil, ƙarfen ya tsinke gaba ɗaya. Ba a samun wannan daidaito da ƙiyasi. Wanda ke da tsohuwar tarakta ya nemi dillalin kamfanin da lambar samfuri da lambar jikinta. Ga masu Massey Ferguson 135, Ford 3000, Ford 4000 da Ford 8N, NIOSH ta wallafa zanen wani ƙarfe mai sauƙin kuɗi da ta gwada, wanda ake haɗawa da notuna ba walda. Zanen yana aiki ne kawai idan an bi nau'in ƙarfe da kauri da notunan da aka rubuta ba tare da canji ba, don haka injiniya ya kamata ya sa ido a kai.

Ɗaurawa

A tsayar da tarakta a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a sauke garma ƙasa, a kashe inji, a cire makulli, a tokare tayoyi. Ana bukatar mutum biyu zuwa uku, ko sarƙar ɗagawa, domin ginshiƙan suna da nauyi. A kwance murfin tayoyin baya, a kankare tsatsa da busasshen laka daga kan aksil da burushin waya har ƙarfe ya fito, a duba ko akwai tsaga ko tsohuwar walda. Aksil mai tsaga ba ya ɗaukar ƙarfen kariya sai an canza shi. Datti da aka bari a ƙarƙashin farantin ɗauri yana murƙushewa daga baya, noti ya saki.

A sa dukkan notuna da hannu tukuna, kada a ɗaure ko ɗaya. A haɗa ginshiƙai da saman, a tabbatar ramukan gaɓa sun yi daidai har fil yana shiga da yatsu biyu, sai a fara ɗaurewa a giciye, kaɗan-kaɗan. Wannan mataki ne mutane ke tsallakewa, su ɗaure ƙasa tam kafin su sa sama, ginshiƙan su ɗan karkace, daga ranar fil ba ya shiga sai da duka. Yawancin ƙarfunan da aka bari a kwance, daga nan ciwonsu ya fara.

A yi amfani da notunan da suka zo da kayan kaɗai. Kan kowanne akwai lamba, 8.8 ko 10.9, na Amurka kuma layuka uku ko shida. Wanda ba shi da alama na haɗa ƙofa ne. A ɗaure da sifana mai awon ɗauri zuwa adadin da takardar kamfani ta faɗa. Don a san girman abin, noti M16 (mai kaurin milimita 16) mai lamba 8.8 yana bukatar kusan niyuton-mita 200 a ma'aunin sifanar, M20 kuma kusan 400, wanda ƙaramar sifana ba za ta kai ba. A sake dubawa bayan awa goman farko na aiki, sannan a farkon kowace damina da kowane noman rani.

Me ke sa tayarwa wahala

Abu huɗu ne: nauyi, wurin kamawa, gaɓa, da fil.

Ɗauki misali. Saman ƙarfen yana da kilo 20, tsakiyar nauyinsa tana santimita 50 daga gaɓa. Lokacin da yake kwance daidai da ƙasa, nan ne ya fi nauyi. Direban da ya tsaya a gefen taya ya kama shi santimita 30 daga gaɓa, saboda nan hannunsa ya kai, yana ɗaga kimanin kilo 33 da hannu a miƙe sama da kafaɗa. Da zai kama a santimita 90, kilo 11 kawai zai ɗaga. Ƙarfe ɗaya, amma wahalar ta ninka sau uku saboda wurin kamu. Ƙa'idojin OECD na ƙananan taraktocin lambu sun iyakance ƙarfin da ya kamata mutum ya sa: kusan kilo 10 inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi, 7 da rabi inda sai an miƙa hannu, 5 inda sai an sunkuyo. Za ka iya auna naka da sikelin rataya irin na masu awon kifi ko nama: maƙala ƙugiyarsa inda direba ke kamawa, ka ja sama, ka karanta. Idan ya wuce kilo 10, akwai gyara.

Wurin kamawa shi ne mafi sauƙin gyarawa. Akwai mariƙi da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen da maɗauri mai kama da harafin U, ba huji ba walda, ya miƙo zuwa inda direba ke tsaye. Masu bincike a Jami'ar Tennessee sun ƙera irin wannan sanda da direba zai iya tayar da ƙarfen da ita daga kan kujera. Idan za a sa mariƙi, kada ya shigo filin da kan direba da kafaɗunsa suke, kada ya zama mai kaifi, kuma a sa roba tsakanin maɗaurin da ƙarfen don kada ya goge fenti tsatsa ta samu ƙofa. A kuma tsayar da wuri ɗaya da direba zai riƙa tsayawa, ƙafa biyu a ƙasa ko a kan matakalar tarakta. Hawa kan hannuwan ɗaga garma, ko kan haro, ko taka sandar da ke juya injin bayan tarakta, hanyar karaya ce, musamman takalmi da laka.

Gaɓa tana da noti guda a kowane gefe wanda saman ke juyawa a kansa. A yawancin samfura ana daidaita taurinsa. Idan ya saki, ƙarfen yana faɗowa da ƙarfi da zarar an zare fil, ya daki kai ko ya datse yatsa, kuma direban da hakan ta taɓa samu ba ya son sake taɓa shi. Idan ya yi tauri ko ya ci tsatsa, sai mutum biyu. Daidai shi ne ƙarfen ya sauka a hankali da ɗan jan hannu. A zare ƙaramin fil ɗin da ke kulle notin, a riƙa juya notin rubu'in zagaye ana gwadawa, a mayar da sabon fil. Game da mai: giris mai yawa yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar yashi da manja, yana cin ramin. A wanke gaɓar da kananzir, a busar, a shafa giris siriri, a goge rarar. Man feshi mai bushewa irin na garafait ya fi dacewa da wurin ƙura idan ana samunsa.

Fil biyu ne ke riƙe saman a tsaye, kowanne da ƙaramar waya mai kulle shi. Dalilin da ke sa su maƙale galibi shi ne nauyin ƙarfen yana kansu. Kafin zarewa, a sassauta ƙullin hana ƙara idan akwai shi, a ɗan tura ƙarfen gaba da hannu ɗaya, fil zai fito da ɗaya hannun. Guduma tana buɗa bakin fil ya yi kan naman kaza, gobe ya ƙi shiga sam. A goge tsatsar fil da takardar yashi mai laushi, a share ramin, amma kada a faɗaɗa rami da injin huji ko da sau ɗaya. A ɗaure kowane fil da ƙaramar sarƙa ko igiyar waya a jikin ginshiƙi don kada ya faɗi cikin kunya, a shafa wa kansa jan fenti yadda mai tarakta zai hango daga nesa ko yana wurinsa, a ajiye biyu na kamfani a akwatin kayan aiki. Guntun rodi ko notin kasuwa ba sa maye gurbinsa, domin duk bugun da saman ya sha ta cikin fil ɗin nan yake bi.

Idan an gyara waɗannan kuma har yanzu sikeli yana nuna nauyi, sai a sa mataimaki. Akwai iri uku. Na farko sifirin mai murɗawa da ke zaune a gaɓa, ba ya tsoron ƙura, kuma ya fi daɗewa. Na biyu sanda mai iskar gas irin wadda ke riƙe murfin but ɗin mota, amma mai ƙarfi. Na uku jak na haidurolik ko na lantarki da ake sarrafawa daga kujera, wanda ya fi tsada kuma an fi ganinsa a taraktocin lambun inabi da zaitun a Turai. A fara tambayar kamfanin da ya yi ƙarfen, domin wasu suna sayar da nasu mataimakin wanda ya dace da ramukan da ke akwai. A misalinmu na sama, idan layin turin sandar gas ya wuce santimita 10 daga gaɓa, ana bukatar turin kusan kilo 100 don ɗauke nauyin duka, wato kilo 50 a kowane gefe. Kada a ɗauke duka. A nemi kusan kashi uku cikin huɗu, don kada ƙarfen ya zabura sama da kansa ya daki haɓar mai zare fil. A ɗaura sandar gas da siririn ƙarfenta yana kallon ƙasa don man ciki ya riƙa jiƙa robar bakinta, a riƙa goge ƙura da tsumma, kuma idan ta fara zubar da mai ko ƙarfen ya koma nauyi a canza biyun tare. Mataimaki yana ɗagawa ne kawai. Fil ne ke kullewa, kuma dole a mayar da shi kowane lokaci.

Bel

Ƙarfe ba tare da bel ba yana rasa babban ɓangare na amfaninsa, saboda direban da ya fita daga kujera ƙarfen da kansa ko tayar baya na iya danne shi. Direbobi suna barin bel ne saboda ya faɗa ƙasa ya sha laka, ko bakinsa ya cika da ƙasa ya ƙi kamawa, ko suna yawan sauka gyara garma. A sa irin mai naɗe kansa, wanda bakin kullewarsa ke tsaye a kan sanda a gefen kujera, yadda hannu ɗaya zai isa. A ɗaure shi a ramukan da aka tanada a kujera ko jikin tarakta, ba a murfin taya ba. Tsohuwar kujerar da gindinta ya rube sai an canza ta, domin bel ba ya fin abin da aka ɗaure shi a kai ƙarfi. A wanke shi da ruwa da sabulu, a hure bakin da iska, kada a zuba masa mai. Ya zauna a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba.

Ƙa'idar tana da fuska biyu kuma a koya wa direba duka: ƙarfe a tsaye, a ɗaura bel, ƙarfe a kwance ko babu shi, kada a ɗaura. Shi ya sa lokacin kwanciyarsa ya kamata ya zama na 'yan mitoci kaɗan, a giya ta ɗaya, a shimfiɗaɗɗen wuri. Da an wuce ƙofa ko bishiyar, a tsaya nan take a tayar. Filin da ƙarfen ke karewa na mutum ɗaya ne, don haka yaron mota da 'yan ƙwadagon da ke zama a murfin taya ba su cikin lissafi. Su bi a ƙasa ko a babur.

Ga masu ba da haya

Direban da ake biya bisa yawan kadada yana ganin kowane minti a matsayin kuɗi. Mai tarakta ya riƙe agogo ya sa direbansa ya kwantar ya tayar a gabansa. Idan ya haura minti ɗaya, ko ya nemi taimako, ko ya hau wani abu, laifin na kayan ne, a koma kan gaɓa da fil. A liƙa gajeren rubutu da Hausa, da boko ko ajami, kusa da sitiyari. A sa duban ƙarfen cikin duban safe tare da mai da ruwa: fil biyu suna ciki, wayoyinsu a kulle, notunan ƙasa ba su motsa ba. Layin fenti da aka ja daga kan noti zuwa faranti yana nuna sakin noti da kallo ɗaya. A ƙasashen da aka samu ci gaba wajen sa wa tsofaffin taraktoci ƙarfe, an rage wa manomi wahalar ne: jihar Victoria ta Ostareliya ta biya tallafi a 1997 zuwa 1998 aka sa wa taraktoci sama da 12,000, jihar New York kuma ta fara a 2006 da mayar wa manomi kashi 70 cikin 100 na kuɗin, tare da layin waya da ke nemo masa wanda ya dace da taraktarsa. Ƙungiyar manoma ko ta masu haya za ta iya yin ƙaramin irin wannan, ta tattara lambobin taraktocin mambobi ta yi oda a dunƙule.

Tuƙi ma yana da nasa rabo. A ja kaya daga sandar ja ta ƙasa kaɗai; sarƙar da aka ɗaura sama da aksil don tumɓuke kututture ko ciro motar da ta kafe ita ce babbar sanadin kifewa ta baya. A haɗe burki biyu kafin hawa titi. A rage gudu kafin kwana, domin ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin da ke kifar da tarakta sau huɗu. A nisanci bakin rami aƙalla gwargwadon zurfinsa. Tayoyin baya idan sun kafe a laka, a fita da baya.

Fitila, rumfar inuwa ko madubi, duk abin da za a ɗora wa ƙarfen a ɗaura shi da maɗauri. Huji da walda suna raunana shi daidai inda zai lanƙwasa. A duba gindin ginshiƙai inda ruwa ke kwanciya, a ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Tsatsar da ke ɓarewa falle-falle alama ce kaurin ya ragu. Idan tarakta ta taɓa kifewa, ko ƙarfen ya daki reshe ko kan ƙofa har ya karkace, a cire shi gaba ɗaya tare da notuna da fil da bel a sa sababbi, a kuma duba aksil. Ƙarfen da ya lanƙwasa ya riga ya shanye bugun da aka yi shi dominsa, miƙar da shi da wuta ko jak ba ya dawo masa da ƙarfi. A yanka tsohon gida biyu kafin a kai wa 'yan gwangwan, don kada ya koma kan wata taraktar.